Ragowar Fenti

Sana'ata rubutun allo ce, a bakin titin Mokoyo.
Ni na rubuta "Ana Saida Ƙanƙara" ƙofar gidan Hajiya Tabawa,
ni na zana zakaran da ke shagon Illiya mai gashi,
kamyo nawa ke zuwa Ɗan Isa da hannuna a goshinsu.

Ran Talata ƴan jami'a uku suka zo da farin zanen gado.
Balkisa ce gaba, waya a hannu.
Ta ce, Malam, kalli wannan tukuna.
Na kalla.
Baƙin mutum kwance, kunci a kan kwalta,
gwiwar ɗan sanda a wuyansa
yadda ake danne ragon layya,
sai dai shi rago ana gaggauta masa wuƙa.
Yana kiran uwarsa.
Nan ban nemi tafinta ba.

Ta murza waya da yatsa, birane suka yi ta wucewa,
masu dusar ƙanƙara, masu teku, masu sunan da ya fi ƙarfin harshena,
ko'ina tituna sun cika sun batse, hannuwa dunƙule a sama.
Ta ce abin tsoho ne.
Kakanninsu sun shekara suna takawa a ƙasa
don kada a sake ce musu ku koma kujerar baya.
Sun zauna gidan abinci, an juye musu miya a ka,
ba su rama ba, ba su tashi ba.

Ƙanena Tsahiru na kan benci, bai ce uffan ba.
Shekara huɗu ya yi yana ɗaukar siminti a arewa
kafin a kwashe su da dare, a zube su cikin rairayi,
a nuna musu kudu da bakin bindiga.
Da ya buɗe baki cewa ya yi:
Mu ba wanda ya ɗauka.
Wayoyin suka fara karɓewa.

Na shimfiɗa zanen, na danne kusurwa huɗu da duwatsu.
BARI MU YI NUMFASHI, haka suka so.
Ina kan harafi na tara gwangwani ya ƙafe,
na ɗaga murya yadda na saba:
Kai bawan gidanmu, ƙaro baƙi!

Barmo ke dama mini fenti shekara ashirin da uku.
An ce kakana ya sayi kakansa da zambar wuri,
maganar ta zama wasa, wasan ya zama suna.
Ran biki shi ke shimfiɗa tabarmi,
shi ke cin abin da ya rage a tire.
Ya yi dariya, yadda ya saba.
Balkisa ba ta yi ba.
Ta dube ni, ta dubi zanen, ta dubi gwangwanin da ke hannunsa.
Ranar na fara jin dariyar nan da kunnen baƙo:
gajeriya ce, daga maƙogwaro take,
ba ta kai ƙirji.

Laifi tudu ne, in ji mutanen da.
Na hango na bayan teku sarai,
ashe nawa nake take da ƙafa biyu.

Sun yi tattakinsu ran Asabar, ba su kai mutum sittin ba.
Hadari ya taso daga gabas,
haruffana suka yi hawaye har ƙasan zane.

Fenti ya rage, kamar rabin kofi.
Allon shagon sunana kaɗai ke kansa.
Na jingina tsani, na hau, Barmo ya riƙe mini ƙafarsa.
Na rubuta B, na rubuta A.
Daga ƙasa ya ce, wannan R ɗin ta karkace.
Ban taɓa sanin yana karatu ba.
Da na sauko ya daɗe yana duban allon,
ya goge hannu a riga,
ya ce, ya yi kyau, Malam.
Amma suna ba ya awon gero.
Zauna mu yi maganar kuɗin wata.